Taku Arba'in da Ɗaya na Ummu Faris

Shekara ashirin da shida na yi ina koya wa mutane tuƙin tsere a ƙungiyarmu ta tsofaffin motoci da ke Ain Lauza, kuma a duk tsawon shekarun nan maganar da ta fi tsawo tsakanina da Ummu Faris ita ce "barka da safiya". Ita kuwa ba ta taɓa amsa mini da baki ba, sai dai ta ɗan ɗaga haɓa. Na faɗi wannan tun da fari ne don kowa ya san irin sakaran da ke ba shi labari.

Sunana Shafik, bakanike ne ni, mutanen gari suna ce mini Mu'allim. Garejina yana gindin dutse, daidai inda ake sakin motoci. Ƙungiyarmu ba ta karɓar motar da ba ta haura shekara arba'in ba. Masu motocin galibi likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwar Beirut, mutanen da za su faɗa maka shekarar da aka ƙera kabiretarsu amma in ka tambaye su ranar aurensu sai su hau sosa ƙeya. Kowace bazara, da zarar ƙanƙara ta narke daga kan hanya, mukan fitar da jadawalin kaka: ranar duba motoci, ranar horon direbobi, sannan tseren hawan dutse sau uku, na ƙarshe bayan an tsinke tuffa. Sai a manna takardar a ƙofar gidan burodin Abu Zuhair, domin nan ne kowa yake bi.

Hanyar tamu kilomita biyar ce, mai kwana-kwana har ashirin da biyu. Ashirin da ɗaya daga ciki ko makaho zai iya lallaɓawa. Ta goma sha huɗu ita ce Kwanar Tuffa, ita ce kuma take hana mu sakewa. Kafin ka kai gare ta akwai miƙaƙƙiyar hanya mai daɗi wadda take yaudarar ƙafa ta danne totur, sai ɗan tudu ya tare maka gani, kana haye shi kuma hanya ta karye hagu lokaci ɗaya. A gabanka babu komai sai gajeriyar katangar duwatsu, bayanta gonar tuffa hawa-hawa, bayan gonar kuma rami. Wanda ya jira sai ya ga kwanar sannan ya taka birki, to ya makara.

Mun kafa allon gargaɗi sau uku, sau uku ana kwashe shi a kai wa masu sayen ƙarfe. Mun ja fenti a ƙasa, aka zo aka malala sabuwar kwalta a kai. Saboda haka abin da malamina marigayi Abu Nadim ya koya mini shi na ci gaba da koya wa kowa:

"Kada ka kalli rami, kada ka kalli agogon gudu, ko ni ka gani ina tsalle kada ka kalle ni. Jan ɗankwali za ka nema. Kana zuwa daidai tsohuwar nan, taka birki, koma giya biyu."

Tsohuwar ita ce Ummu Faris. Ƙofar gidanta tana dama da hanya, dab da tudun, gonar tuffar ma tata ce. Mijinta shi ne ya fara tasi a garin, ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya tilo Faris yana aiki a Beirut. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tana kiwon kaji, tana dafa tuffa da sukari ta cika kwalabe, ba ta shiga sabgar kowa. Tun rasuwar maigidanta baƙaƙen kaya take sawa kamar kowace gwauruwa a tsaunukanmu. Amma duk ranar da motoci za su hau, na horo ne ko na tsere, sai ta fito da kujerarta ta gangara bakin katanga ta zauna, da wani jan ɗankwali a kanta, ja wur. Matan gari sun yi ta da ita har suka gaji. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce miji take nema cikin masu kuɗin Beirut. Mu kuwa dariya muke, domin duk wanda ya wuce ta zai ce maka idonta a rufe yake. Mukan ce ita kaɗai ce a duniya take fitowa kallon tsere don ta yi gyangyaɗi.

Ba ta son mu, kuma ba ta ɓoye ba. Wata shekara kwamiti ya aika mata da tiren baƙlawa, alawar nan tamu mai zuma, ta mayar da shi ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce a gaya wa mahaukatan nan ba ta da haƙoran ci. Duk da haka Abu Zuhair ya sha gaya mini cewa kowace bazara sai ta zo ta tsaya a ƙofarsa ta ce ya karanta mata takardarmu, tunda ita ba ta yi makaranta ba. Na ce masa so take ta san ranar da za ta kulle kajinta. Ya ce haka ne, muka wuce wurin.

Da sanyin bana ta zame a kan ƙanƙara a tsakar gidanta, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka sa mata ƙarfe, ta yi wata biyu a gidan Faris. Labarin ya iske mu muna taron kwamiti, kuma abin da shugabanmu Ustaz Marwan lauya ya fara faɗa shi ne, "To yanzu a ina za mu riƙa taka birki?" Babu wanda ya tambayi yadda jikinta yake. Ni ma ban tambaya ba. Bayan 'yan makonni Abu Zuhair ya tare ni da albishir: ta dawo, ta yi wa ɗanta tijara har sai da ya kawo ta, ta zo kuma an karanta mata jadawali sau biyu. Na yi hamdala, na sayi burodina mai yajin za'atar na tafi, magana ta ƙare a wurina.

Bana kuwa ba kamar kowace shekara ba ce a gidana, domin 'yata Dalal za ta fara hawa. Ita kaɗai Allah ya ba mu. Shekara uku muka yi ni da ita muna tayar da wata tsohuwar BMW ruwan lemo da muka tsinto kaji suna ƙwai a cikinta. Uwarta Widad ba ta taɓa yarda ba. Da safen ranar horo ta tare ni a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Shafik, ka ga yarinyar nan? Yadda ka fita da ita haka za ka dawo mini da ita. In ko ƙwarzane ɗaya ta samu, kai ma kada ka dawo, ka kwana a garejinka har ka mutu."

"Haba Widad! Shekara ashirin da shida, ɗalibina nawa kika ji ya faɗa ramin nan?"

"Waɗancan 'ya'yan wasu ne."

Na rantse mata da kabarin mahaifina. Ina rantsuwar ne kuwa da ƙarfin gwiwa, domin na san tsohuwa ta dawo.

A ranar horo tsofaffin hannu biyu ne suke fara hawa, sababbi su biyo baya, ana sakin mota ɗaya kowane minti. Ni kuma wurina yana cikin gwiwar Kwanar Tuffa, inda nake ganin hannun kowa a kan sitiyari. Jar tutata tana soke a cikin wata ganga, oba-oba tana rataye a wuyana. Da na iso na leƙa ta kan tudu, na hango ja a bakin katanga. Tana nan. Kujerar roba ce bana maimakon ta katako, kuma na lura tana zaune a ɗan karkace. Iyakar abin da na lura da shi ke nan. Na danna oba-oba na ce a saki na farko.

Na farkon Dakta Antuwan ne, likitan haƙori, mutumin da ya hau dutsen nan fiye da sau sittin da jar motarsa ƙirar Alfa. Na ji kukan injinsa yana hawowa, na ji ƙugin birki, sai ga shi ya hayo tudun da gudun da bai kamata a ce yana da shi ba. Motar ta ƙi karyawa. Ta tafi a kaikaice tana hayaƙin taya, ta daki katanga da ɗuwawu, duwatsu suka zube gona, ta juyo ta share gangar tutata ta cilla ta ƙasa, sannan ta tsaya can gaba tana kallon inda ta fito.

Na ruga. Yana zaune da hular kwano a karkace, jini a leɓe, yana tofar da wani abu fari a tafin hannu. Haƙoransa biyu ne na gaba.

"Dakta, tsufa ne ko giyar jiya ce? Wa ya koya maka wannan?"

"Wallahi Mu'allim daidai ita na taka," ya ce, iska tana fita ta giɓin. "Daidai ita!"

Ban yarda ba. Na yi ihu a oba-oba a tsayar da komai, aka ce mini an riga an saki biyu, Ustaz Marwan da Dalal, suna hanya. Na juya neman tuta, tuta tana can cikin itatuwan tuffa. Kafin in yi wani tunani Marsandin Ustaz Marwan ta hayo tudun. Mutumin nan tsoronsa ya fi gudunsa, bai taɓa makara da birki ba ko sau ɗaya a rayuwarsa. Amma ga shi nan tafe, taya huɗu a kulle, ido waje. Motar nan mai nauyin tsiya ta nufi daidai inda Dakta ya raunata, ta rushe sauran katangar, ta goga gefenta, ta tsaya can ƙarshen giɓin da tayar gaba ɗaya tana lilo a iska.

Mutum biyu da suka san hanyar nan kamar tsakar gidansu, kuskure iri ɗaya, wuri ɗaya. Katanga kuma yanzu babu ita, sai wawakeken giɓi da za a iya shigar da babbar mota. Daga can ƙasa kuwa ina jin wani inji da na san muryarsa fiye da tawa, domin da hannuna na saita shi. Na tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Kai Shafik! Ɗan Jamila!"

Na ɗaga kai. Ummu Faris ce a tsaye, ta dafa kujerarta da hannu ɗaya, tana waiwayen ƙofar gidanta tana sake waiwayen hanya. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ban kuma san ta san sunana ba, balle na mahaifiyata.

"Zo nan, sakarai, ka tsaya kana kallona! Ba nan ba ne wurin! Taku arba'in da ɗaya ne daga ƙofa, ƙafar nan ce ta ci amanata!"

Na hau tudun da gudu, ni da tumbina da shekaruna sittin da biyu. Ina isa ta fizge ɗankwalin daga kanta ta cusa mini a hannu. Farin gashinta ya bazu. Matar da ko wuyanta ba a taɓa gani ba, ga ta tsaye a bakin titi kai babu lulluɓi.

"Gudu ƙasa! Ƙasa, ɗan banza, har sai numfashinka ya ƙare!"

Na yi ƙasa. Ban ƙirga komai ba. Ina gudun ne na tuna abin da na yi wata uku ina cusa wa yarinyar nan a kai, cewa ko ni ta gani ina tsalle kada ta kalle ni. In na tsaya ina kaɗa hannu wucewa za ta yi. Ja take nema, a kan mutum, a zaune, a bakin katanga. Sai na yafa ɗankwalin a kaina, na riƙe shi a ƙarƙashin haɓa, na tsuguna a jikin katanga.

Ruwan lemon nan ya ɓullo daga kwanar ƙasa yana tahowa kamar an harbo shi. Ta matso, ta matso, har na ga farin hularta. Daidai kunnena birki ya yi ƙara, na ji ta sauke giya tsaf yadda na koya mata, motar ta haye tudun ta ɓace mini. Na saurara. Ban ji ƙarar ƙarfe ba.

Da rarrafe na kusa kaiwa tudun. Na tarar ta karya kwanar lafiya, ta raɓa ta gefen Alfar Dakta, ta tsaya. Ta fito tana cire hula, ta dube ni daga sama har ƙasa, ɗankwalin yana kaina har lokacin.

"Baba, yaushe Ummu Faris ta tsiro da gashin baki?"

Tana dariya ne ta juya ta ga giɓin katangar, ta ga Ustaz Marwan yana fitowa ta ƙofar baya da rarrafe yana kiran sunayen waliyyan da ya sani da waɗanda bai sani ba. Dariyar ta ɗauke. Ta zauna daɓas a kan kwalta, ta kifa kai tsakanin gwiwoyi.

Aka soke horo. Da aka janye motocin na ɗauko tef ɗin awo, abin da ban taɓa yi ba a shekara ashirin da shida. Maginin da Faris ya sa ya yi wa katangar bakin hanya sabon shafe bana ya nuna mini inda ƙafafun tsohuwar kujerar suka ci gefen kwalta, ramuka huɗu ƙanana. Daga nan zuwa inda ta zauna a ranar, mita goma sha ɗaya ne. A gudun da ake zuwa da shi wurin, mita goma sha ɗaya ko ƙiftawar ido biyu ba ta kai ba.

Da la'asar na ɗauki Dalal muka ƙwanƙwasa ƙofar da na wuce sau dubu ban taɓa shiga ba. Muka same ta a ƙarƙashin rumfar inabi, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Ta tashi za ta dafa gahawa, sai na ga yadda take tafiya: ta tura kujerar robar gaba, ta jawo ƙafa, ta sake turawa. Kowane taku bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. A haka ta ƙirga arba'in da ɗayanta da safe, ta cika su cif, ta zauna.

Dalal ta karɓi tukunyar ta dafa. Tsohuwar ta riƙe kofi, ta dube ni.

"Na kusa kashe maka 'ya, ɗan Jamila."

"Haba Inna, wace irin magana ke nan? Mu ne..."

"Rufe mini baki. Ku dama mahaukata ne, ba a ɗora wa mahaukaci laifi. Ni mai hankalin ce ya kamata in san ƙafa ta canza."

Na kurɓi gahawa. Can na yi ta maza na tambaye ta tun yaushe ta san da ita muke taka birki. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi ko ruwa yana jiƙa mutum.

"Kai a tunaninka sha'awar hayaƙinku ce take fito da ni?"

Ta ajiye kofin. Ta ce shekarar farko da aka fara tseren, lokacin ni ina can Kuwait ina wanke injin mutane, akuyarta ce ta tsinke igiya. Ta bi ta, ta kama ta a bakin katanga, sai motoci suka fara wucewa, tsoro ya hana ta motsi. Ta tsaya nan riƙe da akuya har aka gama. Jan ɗankwali ne a kanta, maigidanta ya sayo mata daga Sham.

"Shekara ta biyu na ce ni da su haihata-haihata. Na kulle ƙofa, na gangara gona ina cire wa itatuwa busassun rassa. Ina cikin yi sai ga mota daga sama."

Na san wannan. Kowa a ƙungiya ya san Basil, saurayin garin Zahle da ya faɗa Kwanar Tuffa shekara talatin da uku da suka wuce. Kofin tserenmu na ƙarshe sunansa aka sa masa, kowace shekara mukan yi shiru na minti ɗaya kafin a kawo gasasshen nama. Amma ban taɓa jin wani ya tambayi wanda ya fara isa wurinsa ba.

"Ni na jawo shi ta taga," ta ce. "Yaro ne, ko gemun kirki bai yi ba. Na ɗora kansa a cinyata. Ya buɗe ido, ya ga ɗankwalin, sai ya ce, 'Inna, ashe nan kike? Bara kina bakin hanya, daidai ke na taka birki. Yau na neme ki ban gan ki ba.' Ba da faɗa ya faɗa ba, wallahi. Kamar mai ba ni haƙuri ya karya mini itace. Kafin mutanenku su gangaro ya cika."

Dalal ta toshe baki da hannu. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye idona.

Washegari, in ji ta, ta koma inda ta kama akuyar, wurin da wani ɗan ɓaure ya tsiro a jikin katanga, ta ƙirga taku daga ƙofarta. Arba'in da ɗaya. Daga baya aka sare ɓauren, lissafin ya zauna a kanta. Tun daga ranar ba ta fasa fita ba ko sau ɗaya, har ranar da ake zaman makokin ƙanwarta a wani gari sai da ta dawo ta zauna ta koma.

"Amma Inna, me ya hana ki gaya wa wani?" in ji Dalal.

"In gaya wa wa, 'yar nan? In je Zahle in ce wa uwarsa ɗanki ya mutu don na shiga gona? Maigidana kaɗai ya sani. Da ya rasu na sa baƙi, ranar motoci kuma na ɗaura ja, mata suka yi ta surutu. Na ƙyale su. Surutu bai taɓa jefa kowa a rami ba."

Don in sassauta maganar na ce mu duk mun ɗauka gyangyaɗi take yi.

"Gyangyaɗi? A cikin wannan ƙarar? Ni ban taɓa kallon motarku ko ɗaya ba, ba zan iya ba. Runtse ido nake in saurara. In ji birki, in ji shiru, in ji injin ya sake tashi can sama. Sai in ce, to, wannan ya koma wa uwarsa. In jira na gaba."

Kunya ta rufe ni har na ji da ma ƙasa ta tsage. Shekara ashirin da shida ina bugun ƙirji cewa ɗalibina bai taɓa faɗawa ramin nan ba, ana yi mini tafi a wurin liyafa, ashe duk alfaharin na wata mata ce da ko lafiyar ƙugunta ban aika an tambaya ba.

Cikin mako ɗaya kwamiti ya gina katangar, ya kafa ƙatuwar sandar ƙarfe a kan ramukan nan huɗu, aka zuba mata siminti buhu shida, aka shafe ta da jan fenti. Ustaz Marwan ya kawo shawarar a rubuta sunanta a jiki. Ta aiko cewa duk wanda ya rubuta sai ta fasa masa gilashi da sandarta. Faris ya zo ɗaukarta zuwa Beirut, kuma a karon farko ba ta yi masa gardama ba. Ta ce ƙafar da ta yi ƙarya sau ɗaya ba a sake ba ta shaida. Ranar tafiyarsu na kai mata ɗankwalinta, ta leƙo ta tagar mota ta ture hannuna.

"Riƙe. Ƙarfe sace shi ake yi, ku ne ba kwa koyon darasi."

Widad kuwa ban ɓoye mata komai ba, don ko na ɓoye gari ya riga ya kai mata. Ta saurare ni har ƙarshe. Kwana huɗu ba ta yi mini magana, abinci ma a kan teburi nake tarar da shi a rufe. Dalal ta ce ita fa sai ta hau tseren farko, ko sama da ƙasa za su haɗe. Na sa ido in ga yaƙi, ban ga komai ba.

Da safen ranar tsere na fito zan ɗauki oba-oba, sai Widad ta tare ni a bakin ƙofa, wurin da ta tare ni wancan karon. Jan ɗankwalin ne a hannunta, ta wanke shi, ta goge, ta ninke. Kujerar kicin tana jingine a gefenta.

"Cikin kwanar ka ba wani ya tsaya. Kai ga wurinka."

Haka aka yi. Na zauna a gindin jar sandar da tsakar rana, da gashin bakina da tumbina, ɗankwali ɗaure a haɓa. Rabin gari ya fito kallona. Abu Zuhair ya turo mini burodi wai na amarya, Dakta Antuwan ya wuce da sababbin haƙoransa yana danna mini hon. Na ƙyale su, ina ƙirga motoci. Ta goma sha ɗaya ce ta Dalal.

Tun daga kwana ta goma sha biyu na gane muryar injin. Na yi niyyar in kalli hannunta, in ga ko ta riƙe sitiyari yadda na koya mata, aikina ke nan shekara da shekaru. Amma da ƙarar ta cika hanya sai na tarar idanuna sun rufe da kansu, na ƙanƙame ƙafar kujera. Birki ya yi ƙara a kunnena. Sai shiru.

Ban taɓa sanin shirun nan yana da tsawo haka ba. Na karanta duk abin da na iya a cikinsa, na tuna fuskar Widad, na tuna wani yaro da ban taɓa gani ba kwance a ƙarƙashin itacen tuffa. Sannan injin ya tashi can sama, yana hawa.

Na buɗe ido, ɗankwalin ya jiƙe sharkaf. Mota ɗaya ke nan, kuma 'yata ce. Ummu Faris ta zauna cikin shirun nan shekara talatin da uku, mota bayan mota, a kan 'ya'yan mutanen da ko gaishe ta ba sa yi. Daga can ƙasa na ji an saki ta goma sha biyu, sai na gyara zama.